Babu Intanet, In Ji Manhajata

Masu damuna da saƙo kan yadda muka ƙare da Gwaggo da likitan idonta, ku gyara zama. Amma sai kun yi haƙuri na fara da manhajata, don ba don ita ba da ba ni da labarin ba ku yau. Kuma ina faɗa muku tun yanzu, yau yabon kaina zan yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Saboda sababbin shigowa: ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa yake ce min, har yaran da na goya. Kwamfuta na karanta. Umma tela ce, tana da shago mai kekuna a jere da matan da ke yi mata aiki. A shagon nan na tashi, ina kallon rigima iri-iri. Wannan ta ce dogon hannu ta ce a yi mata, waccan ta rantse ba wannan zaren ta zaɓa ba, Umma kuma da allura a baki tana ƙoƙarin tuna wa ya ce me. Shi ya sa da na gama karatu na zauna na gina mata manhajar waya. Mai son ɗinki za ta shiga, ta zaɓi salo, ta sa awonta, ta rubuta ƙarin bayani a wani ɗan akwati da ke ƙasa, ta tura, odar ta faɗo wayar Umma.

Abu uku na sa a ciki da nake ji da su. Da yake hannun Umma kullum yana kan keke, na sa wayarta ta riƙa karanta duk odar da ta shigo a fili. In mutum ya tura daga inda babu netwok, manhajar ba ta zubar da saƙonsa, ajiyewa take yi, da zarar hanya ta buɗe ta aika. Sannan awon jikin mace sirrinta ne, don haka na kulle komai ta yadda wayar Umma kaɗai ke iya buɗewa. Ko ni da na gina abin ba na iya leƙawa. Lokacin da na gama wannan kullewar har rawa na taka a ɗaki ni kaɗai.

To, a gida babu mai kallon wannan a matsayin aiki. Kawu, ƙanin Abba, ya samo min gurbi a wani ofis, inda za a ba ni tebur da tarin fayil in yi ta buga musu hatimi har in tsufa. Abba ba mai yawan magana ba ne. Ya kira ni falo, ya rage muryar rediyonsa, ya ce ba zai kunyata ƙaninsa a kan wasan yara ba, amma kuma ba zai kira abu wasa ba sai ya gani da idonsa. Ƙarshen mako zai zo shago. In oda ta fito daga wayar wani na waje ta shiga wayar Umma a gabansa, zai ba Kawu haƙuri da kansa. In ba ta shigo ba, in goge takalmina in tafi ofis. Na ce na yarda, har da murmushina, don a wayata komai yana tafiya sumul.

Gwaggo kuwa, yayar Abba, damuwarta daban. Ita ba ofis ne ya dame ta ba, zamana ba aure ne ya tsaya mata a rai. Ta kafa min ƙahon zuƙa, kullum ta zo sai ta ce wannan baƙin allon da nake ƙura wa ido zai makantar da ni kafin wani ya gan ni. Wata rana ta zo da sassafe ta ce in rako ta asibitin ido. Ta hana ni sa baƙar doguwar rigata ta kullum, ta buɗe durowata da kanta ta zaro wata shuɗiya mai aikin zare a wuya, wadda Umma ta ɗinka min ban taɓa sawa ba, ta ɗora min farin mayafi. A nan ya kamata in sha jinin jikina. Wa ke yin kwalliya don rakiyar mara lafiya?

Muna zuwa ta ce ai ita idonta garau, ni za a duba. Likitan dogo ne, rigarsa ta sha guga, shi kansa da tabarau a fuska, magana a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Ya zaunar da ni, ya ɗora min wani firam mai nauyi, ya shiga sauya gilasai ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ya fi, wannan ko wannan?"

"Duk ɗaya ne."

"To wannan fa, ko wannan?"

Haka muka yi ta yi har wuyana ya gaji. A ƙarshe ya ce idona lafiya lau, in dai riƙa hutar da shi. Kafin in gyara mayafi Gwaggo ta karanto masa lambata, wai ko zai buƙaci bin diddigin lafiyata. Tun daga ranar yake turo saƙo, gajeru, masu ladabi. "Barka da yamma. An hutar da ido?" Ni kuma in amsa da kalma ɗaya. Ba wai ya yi min wani laifi ba ne. Na dai sa a raina duk wanda Gwaggo ta kawo, bakinsu ɗaya, kuma ranar da ya samu wuri shi ma zai ce in rufe kwamfuta. Sau ɗaya na saki jiki da shi, ranar da ya tambaye ni me manhajar ke yi, na manta da shan mur na yi ta zuba har batirina ya mutu.

Yanzu ga inda abin ya kwaɓe. Mu masu wannan aiki, manhaja iri biyu muke fitarwa daga rubutu ɗaya. Akwai ta gwaji, wadda kake jona wayarka da kwamfuta ta kebul ka loda, kana gyara kana dubawa. Akwai kuma ta fitarwa, wadda ake matsewa a rufe a raba wa jama'a. Duk tsawon aikin nan ta gwaji nake amfani da ita. Da lokaci ya yi na haɗa ta fitarwa, na sa wa Umma, na rarraba linki ga kwastomominta, na tura wa Likita shi ma don Gwaggo ta tsaya a kaina sai da na tura. Na miƙe ƙafa ina jiran yabo.

Kira ne ya fara shigowa maimakon yabo. Manhajar tana buɗewa, hotunan salo suna nan, amma da an danna turawa sai ta ɗan yi juyi ta rubuta: "Babu intanet. A sake gwadawa." Wata hajiya ta ce ta sayi sabuwar data saboda ni. Wata ta ce har bakin titi ta fita tana ɗaga waya sama. Wayar Umma shiru kamar an ɗauke wuta. Ni kuma in ɗauki tawa in tura, ta tafi nan take.

Kowa ya ce netwok ne. Matan shago suka ce kamfanin waya ne ba su da tsoron Allah. Gwaggo ta zo ta zauna kan gadona tana fifita da mayafi, ta ce ita ba ta yi mamaki ba, abin da ba shi da rai ai ba a dogara da shi, ga mutum can mai rai da aikin yi ina amsa masa kamar mai ciwon haƙori. Na shiga sauye-sauye kamar mahaukaciya: na canza adireshin sabar, wato babbar kwamfutar da saƙonni ke bi ta cikinta, na ƙara lokacin jira, na goge na sake haɗawa, na taɓa abubuwa barkatai lokaci guda. Duk wanda na sake tura wa, amsa ɗaya ce.

Cikin duk masu kirana, mutum ɗaya ne bai ce min netwok ba ne, bai kuma ce in yi haƙuri ba. Ga abin da Likita ya rubuto:

"Na gwada da data, na gwada da wayifai na asibiti. Bidiyo yana buɗewa, saƙonni suna tafiya. Manhajarki kaɗai ke cewa babu intanet. Zan ci gaba da gwadawa."

Na rubuta "Na gode", na ajiye wayar. Na sake ɗauka na karanta. Sai na ji kunyar kaina, domin shi da ba fanninsa ba ya tsaya ya lura, ni kuwa ina ta harbi a duhu.

Ana gobe Abba zai zo, Umma ta shigo ɗakina da yamma, tef ɗin awo rataye a wuyanta, ta tura ƙofa. Ta yi ƙasa da murya ta ce in jona wayarta da igiyar nan in sa mata irin tawa mai aiki, in sa wa ɗaya daga cikin matan shago ita ma, a turo a gaban Abba, ai shi bai san bambanci ba, daga baya na gyara a nutse. Wallahi sai da idona ya ciko. Matar da ba ta taɓa ɓoye wa Abba ko tsinke ba, yau ita ce ke shirya min wannan. Kuma zai yi aiki, na sani.

"Umma, in na yi haka, duk ranar da Abba ya yaba min sai na ji kamar zagina yake."

Ta ce taurin kaina na gidan su Abba ne, ba nata ba. Ta fita, ta dawo da kofin shayi ta ajiye min kusa da kwamfuta.

Na rufe duk tagogin da na buɗe, na fara daga farko kamar mai hankali. Na fara leƙa sabar. Tun ranar da na raba manhajar, babu ko saƙo ɗaya da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa in ban da nawa. Ashe ba a hanya suke ɓata ba, ba sa ma fita daga wayar. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na goge ta gwaji daga wayata, na sauke ta fitarwa ta linkin da na raba wa mutane, na danna turawa. Ta yi juyi ta ce min babu intanet. Ban taɓa murnar ganin abu ya lalace irin ta ranar ba, don yanzu ciwon yana hannuna, ba a bakin mutane ba.

Na ajiye su biyun gefe da gefe a allo, ta gwaji a dama, ta fitarwa a hagu. Ba zan ɓoye muku ba, muryar wani na ji a kunnena tana cewa wannan ko wannan. Abu ɗaya zan duba, in gama da shi, sannan in matsa. Adireshi iri ɗaya. Mabuɗan tsaro iri ɗaya. Na iso kan wani ɗan fayil da kowace manhaja ke da shi, inda take faɗa wa waya abubuwan da take neman izinin taɓawa, kamar kyamara ko ma'ajiyar hotuna. A ta gwaji akwai layin neman izinin shiga intanet. A ta fitarwa babu shi.

Na tsaya ina kallon gurbin. Kayan aikin da nake gini da su, su ne ke saka wannan layin da kansu a ta gwaji, don suna buƙatarsa wajen magana da kwamfuta ta kebul. A ta fitarwa kuwa sun bar wa mai gini ya rubuta da hannunsa. Manhajata ba ta taɓa neman izini ba, waya kuma ba ta bayar da abin da ba a nema ba. Data tana nan, netwok yana nan, hajiya tana bakin titi da waya a sama, ƙofa kuma a rufe ta ciki. Na rubuta layin, na sake haɗa ta fitarwa, na cire kebul na jefa shi ƙarƙashin gado don kar ya sake ruɗina. Na sauke, na danna. Ta rubuta: "An tura." Shayin Umma ya huce, amma haka na shanye shi ina dariya.

Washegari na sa shuɗiyar rigar nan da kaina, ba wanda ya ce in sa. Shago ya cika da ƙarar kekuna da ƙamshin sabon yadi da zafin dutsen guga. Abba ya zo da hularsa ta fita, aka share masa kujera kusa da teburin yanka. Gwaggo ma ta zo, wai wucewa take yi, da jakarta a cinya kamar mai jiran a kira ta shaida. Na sa wa Umma sabuwar manhajar, na ƙure murya, na ɗora wayar kan tarin yadi. Abba ya tuna min sharaɗi: daga waje, ba daga wayata ba, ba kuma daga ta matan shago ba. Gwaggo ta yi caraf ta ce a sa Likita mana, ai shi ba ya ƙarya. Na tura masa sabon linki na ce ya sabunta, ya turo oda ɗaya ta gwaji.

Aka tsayar da kekuna. Shagon ya yi tsit har ina jin fanka na kaɗa takardun awo. Can wayar Umma ta yi ƙara, muryar nan ta na'ura marar ɗaga sauti ta ce: "Sabuwar oda. Doguwar riga, shuɗiya. Ƙarin bayani: gwaji."

Matan suka ɗauki tafi. Umma ta dafe ƙirji tana hamdala. Ni kuwa na ɗaga kai na kalli Abba ido cikin ido, abin da ban saba ba. Kafin ya buɗe baki wayar ta sake ƙara.

"Sabuwar oda. Ƙarin bayani: gwaji, har yanzu babu intanet."

A nan na tuna da ajiyar da na gina. Duk abin da bawan Allahn nan ya yi ta turawa kwanakin nan yana nan a wayarsa, a jere, yana jiran hanya. Yanzu na buɗe hanyar. Na ce a raina ba komai, gwaji ne kawai, ƙarin hujja ma a gaban Abba. Na ma ɗan gyara tsayuwa.

"Sabuwar oda. Ƙarin bayani: tunda dai ba ya tafiya, bari in faɗi abin da na kasa faɗa. Ranar da aka kawo ki asibiti, tun gilashin farko na gane idonki lafiya lau yake. Sauran gilasan don ki daɗe a kujerar ne."

Wata daga cikin matan ta cusa fuska cikin yadi, kafaɗunta na rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yunƙura zan ɗauki wayar, Abba ya ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ya dube ni ba, ya ce a bar ta, ai shi ya zo ganin yadda take aiki.

"Sabuwar oda. Ƙarin bayani: Gwaggonki ta ce in ba ki shawara ki karɓi aikin ofis. Na ce mata to, don ba na iya yi mata musu. Amma ba zan ba ki wannan shawarar ba. Na ji muryarki ranar da kike ba ni labarin manhajar nan. Kar ki bar ta saboda kowa, har da ni."

Gwaggo ta shiga binciken jakarta kamar ta yar da wani abu mai muhimmanci a ciki. Mutumin da na yi ta amsa wa da kalma ɗaya, na yanke masa hukunci ban saurare shi ba, ashe yana can tsakanin marasa lafiya yana rubuta wannan a akwatin da ya tabbata ba mai gani. Na ji daɗi, na ji kunya, na kuma ji haushin kaina, duk a lokaci guda.

Wayar ta sake ƙara. "Sabuwar oda. Ƙarin bayani: wannan ba gwaji ba ne. Umma, ki gafarce ni, idan wata rana wannan ya iso gare ki..."

Ban taɓa sanin Umma na da sauri haka ba. Ta wafce wayar ta kashe muryar. Ta sa tabaraunta na zura zare, ta karanta sauran da ido, a hankali, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Sannan ta zura wayar cikin aljihun rigar aikinta ta ja zif.

Abba ya miƙe ya gyara hula. Ya ce abu ya yi aiki, har ya wuce yadda aka nema. Zai kira Kawu da kansa ya ce a ba wani gurbin, 'yarsa tana da aikin yi. Haka ya faɗa, 'yarsa tana da aikin yi, a gaban Gwaggo da matan shago duka, kuma har in mutu ba zan manta yadda kalmomin suka zauna min a ƙirji ba. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce wa Gwaggo ta gaya wa mai gilasan nan, in yana da magana ya san hanyar falo, ba sai ya bi ta shagon ɗinki ba.

Wayata ta yi motsi a hannuna. Likita ne.

"Auta, me ya sa ta rubuta 'an tura' a kan dukkansu?"

Na tsaya ina kallon saƙon, ina hango shi tsaye da farar rigarsa, gumi na karyo masa. Na rubuta masa amsa mafi tsawo da gaskiya da na taɓa ba shi: "Saboda na gyara ta, kuma ni in na gyara abu yana gyaruwa."

Da aka watse na bi Umma har bayan labulen gwada kaya, na marairaice, na ce ta nuna min na ƙarshen, ko layi ɗaya. Ta ce oda ce ta kwastoma, kuma wata mai ilimi ta taɓa gaya mata sirrin kwastoma ba a buɗe wa kowa. Na koma kan kwamfuta na leƙa sabar, ko da yake na san abin da zan tarar. Saƙon yana nan, dogo, ya fi duk sauran tsawo, a kulle tam da kullewar da na yi rawa a kanta. Babu ta inda zan shiga, don ban bar wa kaina ko taga ba.

Ina zaune ina cizon yatsa Umma ta zo ta tsaya a kaina. Ta zare tef daga wuyanta, ta ɗauko alli, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Tashi tsaye, Auta. Ɗaga hannuwanki."

Na ce awon mene ne, ni da ban ba da ɗinki ba.

"Ke ba ki bayar ba," in ji ta, ta zagaya tef ɗin a kafaɗata.